Lasifika Biyu a Banɗakin Lamba Huɗu

Labarin abin da ya faru a gidanmu ranar Asabar, sha huɗu ga wata, ya rabu kashi uku, kuma wajibi ne in faɗi wanda na dogara da shi kafin in ci gaba. Akwai na Malam Na-Sani, wanda abin ya faru a sashensa. Na ji shi sau huɗu daga bakinsa, kuma a kowane karo yawan waɗanda suka yaba masa yana ƙaruwa, saboda haka na ajiye shi gefe. Akwai na Mai Aski, mai shago a ƙasan bene, wanda ya rantse cewa ya ga ginin yana rangaji. Na duba bangon washegari ban sami tsaga ko ɗaya ba. Na uku shi ne na Tela, matar Malam Na-Sani, kuma nata na ɗauka, domin ta ba ni shi sau biyu, kwana tara tsakani, ba ta sauya kalma ba, kuma babu inda ya yi mata ado. Abin da ya faru a falo na gani da idona, na rubuta shi da lokacinsa, kasancewata sakataren ƙungiyar masu haya shekara goma sha ɗaya. Abin da ya faru a cikin banɗaki kuwa mutum ɗaya ne ya san shi, kuma ya ƙi magana har yau. A nan na dogara da Mai Famfo, wanda ya cire ƙofar.

Gidan namu bene ne mai hawa uku da sassa shida. Wanda ya gina shi ya jera banɗakunan kan juna, ya haɗa su da bututun iska guda ɗaya wanda ya taso daga shagon Mai Aski har rufi, kowane banɗaki da 'yar tagarsa mai raga da ke buɗewa cikin bututun. Idan mutum ya yi atishawa a banɗakin hawa na uku, na hawa na ɗaya yakan yi masa sannu. Mai karatu ya riƙe wannan.

Malam Na-Sani magatakarda ne a wani shagon sayar da tayoyi. Sunan da aka raɗa masa ya ɓace tun kafin in karɓi littafin ƙungiya, domin duk abin da ka fara faɗa masa, kafin ka kai rabi zai ce, "Na sani." An taɓa gaya masa cewa rigarsa ta kama wuta a baya, ya ce ya sani.

A farkon watan ya shigo da na'urar kallo da sauti irin ta gidan sinima: talabijin mai faɗin ƙofa, uwar na'ura mai maɓallai talatin da biyu, lasifika uku na gaba, da wani baƙin akwati mai gurnani wanda ya sa wa suna Giwa. Ba don labarai ya saye ta ba. Ya saye ta ne don faya-fayan kiɗan rok, irin waɗanda aka naɗa a manyan filaye, inda maza huɗu masu gashi har kafaɗa ke azabtar da jita da ganguna a gaban mutum dubu sittin. Yakan ce wasan kai tsaye ne. Na taɓa nuna masa cewa a bayan kwalin an rubuta an naɗi wasan shekara talatin da suka wuce. Ya ce ya sani, kai tsaye aka naɗe shi.

Cikin kwana tara na karɓi ƙara uku a rubuce. Nas, wadda ke aikin dare a asibiti tana barci da rana, ta rubuta cewa kofinta ya yi tafiya da kansa daga tsakiyar tebur har ya faɗi. Gwaggo, dattijuwar hawa na uku, ta sa na rubuta mata cewa haƙoranta na roba suna kaɗawa a cikin kofin da take jiƙa su. Mai Aski ya ce madubinsa ya yi rawa har ya karkata wa wani mutumin kirki gashin baki. Doka ta bakwai ta gidan ta ce wanda aka yi ƙararsa sau uku a rubuce, Mai Gida yana da ikon ƙin sabunta masa haya. Yarjejeniyar sashe na huɗu kuwa ƙarshen watan za ta ƙare.

Wannan ya fi damun Tela. Shekararta goma sha biyu a sashen. Kekenta na ɗinki yana gindin tagar da ta fi kowace haske a gidan, masu kawo mata ɗinki sun san ƙofar ko da ido rufe, kuma ta ce ba za ta kwashi keke da almakashi ta koma wata unguwa saboda wasu ƙatti marasa riga da ba su san tana duniya ba.

Aka kira taro a bakin matakala. Mai Gida, dattijo mai sanda da hawan jini, ya zauna a kujerar da aka fito masa da ita. Malam Na-Sani ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, laifin ba nawa ba ne, na rashin cikar kaya ne. Lasifika shida ake buƙata, huɗu ne suka iso. Sunan abin nan sauti mai kewaye. In biyun na baya suka zo, sauti zai fito daga gaba, na baya su cafe shi su mayar, ya yi ta zagaya ɗaki. Ba shi da hanyar fita. Ko kana jingine da ƙofata ba za ka san ana kiɗa ba."

Nas ta ce, "To yanzu da ba su zo ba, ta ɗakina yake kewayowa ke nan?"

"Na sani, 'yar'uwa, shi ya sa nake bayani."

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ni dai haƙorana."

"Gwaggo, haƙoranki za su yi barci."

Mai Gida ya buga sanda a ƙasa. Ya ce ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma zai zo da kansa ya zauna a falon, a kunna masa. Kowa ya zauna a sashensa ya kasa kunne. Idan mutum ɗaya ya ji ko da tari daga sashe na huɗu, ƙarshen wata su kwashe. Kafin ranar kuma kada a kunna ko da gwaji. Na rubuta, ɓangarorin biyu suka sa hannu.

Lasifikan biyu sun iso ranar Juma'a da hantsi. A nan labarin Tela ya fara. Tana kan keke tana ɗinke wani labule, mai shagon da ya sayar da kayan ya kira mijinta a waya a kan maganar haɗa su. Ba ta ji muryar mai shagon ba saboda ƙarar keke. Abin da ta ji shi ne mijinta ya ce "Na sani" sau huɗu, ya kashe waya.

Ta ce, "Ina ya ce a sa su?"

Ya ce, "Banɗaki."

Ta ɗaga ƙafa daga keke. "Banɗaki fa ka ce?"

"Ke ɗinki kika sani. Ba ki lura in mutum yana waƙa a banɗaki muryarsa ta fi daɗi ba? Tayil ne. Sauti zai bugi tayil ya yi kauri, ya ratso bango ya same ka a ƙeya. Haka manyan gidajen sinima suke yi, sai dai ba sa faɗa wa mutane."

"Ni ba na waƙa a banɗakin nan, fama nake da makulli. Ka sake kiransa mana."

"In kira shi ya ɗauka ban sani ba?"

Ya wuni yana huda bango. Ya ja waya daga falo, ta bi ta gefen kicin, ta ratsa ƙofa biyu, har ƙarshen lungu. Ya naɗe kowace lasifika a leda saboda ruwa, ya ɗora su a 'yar kantar da ke can sama, ya juya fuskarsu ga ragar bututun iska. Da Tela ta tambayi dalili ya ce don su sha iska, kada su yi zafi.

Ranar Asabar na isa da ƙarfe huɗu saura biyar da littafina. Na tarar an lulluɓe tagogin falo da barguna, an cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofar waje, an kuma jingina katifar aurensu a jikin ƙofar da ke shiga lungu. Na tambaya ko wannan yana cikin yarjejeniya, tunda an ce sautin da kansa ba ya fita.

"Sakatare, ado ne na ƙwararru. Rubuta ado."

Na rubuta katifa.

Mai Gida ya iso ƙarfe huɗu daidai. Aka zaunar da shi a kujerar tsakiya, wadda Malam Na-Sani ya auna da igiya ya ce a nan ne sauti ke haɗuwa. Tela ta kawo shayi. Malam Na-Sani ya ɗaga rimot sama kamar mai shirin yanka kintinkirin buɗe asibiti, ya danna.

Talabijin ya yi shuɗi.

Ya sake dannawa. Ya fito da hasashen yanayi. Ya danna wani, sai rubutun na'urar gaba ɗaya ya koma wani harshe wanda babu wanda ya taɓa ganin baƙaƙensa a cikinmu. Ya ce wannan alama ce ta kaya na asali. Ya kwanta rub da ciki ya shiga bayan talabijin, ƙafafunsa kaɗai muke gani, yana cire wayoyi yana mayarwa yana gaya mana sunan kowace, ko da yake babu wanda ya tambaya. Ƙarfe huɗu da minti goma sha takwas aka sami sauti babu hoto, na daƙiƙa biyu, Mai Gida ya zubar da rabin kofi a kan gwiwarsa. Da minti ashirin da bakwai aka sami hoto babu sauti. Da minti talatin da ɗaya aka rasa duka biyun. Falon da aka toshe ko'ina ya zama tanda. Mai Gida ya sha kofi na biyu da na uku, ba don ƙishi ba, don ya sami abin yi da bakinsa banda abin da yake son faɗa.

Ƙarfe huɗu da minti arba'in da ɗaya ya miƙe ya ce a nuna masa banɗaki. Ni da Tela muka janye katifa.

Ta ce, "Baba, kada ka murɗa makullin har ƙarshe."

Ya ce, "Gidana ne, 'yata. Na san makullaina."

Ya wuce, ya rufe ƙofar lungu a bayansa. Malam Na-Sani ya leƙo daga bayan talabijin ya ce a mayar da katifa, kada iskar sauti ta fita. Aka mayar.

Minti biyu bayan haka hoto ya zo, kuma ya zauna. Fili ne baƙi ƙirin, fitilu suna yawo a kan kawuna har iyakar ganin ido. Mutum dubu sittin sun ɗaga hannuwa, bakuna a buɗe. A falo kuwa sai wata 'yar ƙara siririya, kamar ana soya abu a maƙwabta.

Tela ta ce, "Ka jira Baba ya dawo."

"Gwadawa kawai zan yi. Ina ihun jama'ar? Ihun jama'a ta lasifikan baya yake fitowa, shi ne daɗin abin."

Ya sami maɓallin na baya, ya ƙara. Bai ji ba. Ya ƙara. Lambar da ke fuskar na'ura ta tashi daga ashirin zuwa hamsin, zuwa tamanin, ta tsaya a inda ba ta da sauran gaba. Ya kara kunne a bango ya ce yana jin sa yana tahowa, tayil ɗin ne sabo, sai ya ɗumama.

Daga baya na haɗa lokuta, kuma ga abin da na samu. Gwaggo tana wanka a hawa na uku. Ta ce ta ji an ja ruwa a ƙasa, kuma a daidai wannan daƙiƙar mutum dubu sittin suka ɓarke da tafi da fito. Ban ƙara komai a kan wannan ba.

A talabijin mai ganga ya hau kujerarsa, babu riga, ya buga sanduna sau huɗu. Giwa ta yi gurnani, lasifikan gaba suka fashe da jita, kofunan shayi suka fara tafiya a kan faranti. Malam Na-Sani ya manta da jama'ar da ya rasa. Ya ɗauki tsintsiya mai sanda ya rungume ta, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya yana kaɗa kai, yana yi mini ihu cewa shi da mai gangar nan jininsu ya haɗu, in ya ga yadda ya riƙe sanda yakan san abin da zai buga nan gaba. Na lura duk lokacin da ya sunkuya, mai jitar miƙewa yake yi.

Ƙarfe biyar saura minti goma wayata ta motsa a aljihu. Mai Gida ne. Na kara a kunne, na toshe ɗayan da yatsa. Abin da na ji shi ne taron jama'a suna buga ƙafa suna maimaita kalma ɗaya, kuma can ƙarƙashinsu wani yana dukan katako. Na miƙa wa Malam Na-Sani. Ya saurara, fuskarsa ta washe.

"Ka ji! Har cikin waya yake shiga! Sakatare, rubuta!"

Tela ta karɓi wayar ta saurara. Ta dubi kujerar tsakiya da ba kowa a kanta, ta dubi katifa, ta ɗora hannu a ka. Ta tashi za ta janye katifar, sai ƙofar waje ta fara girgiza.

Abin da ya faru a sauran gidan cikin waɗannan mintuna, kamar yadda kowa ya sa hannu a kai, shi ne kamar haka. Nas ta farka ta ji dubban mutane suna kururuwa a banɗakinta, ta ɗauka mummunan hatsari aka yi a titi, ta sauko da jakar taimakon gaggawa da takalmi ƙafa ɗaya. Gwaggo ta ɗauka taro aka yi a kan rufi ana leƙenta ta raga, ta watsa wa ragar bokiti guda na ruwan sabulu, wanda ya bi bututu ya sauka inda ya sauka. A shagon Mai Aski ihun ya fito daga ƙaramin bayinsa kamar an buɗe ƙofar filin ƙwallo, mutumin da ake yi wa aski ya zabura ya fita titi da rabin kai da ƙyalle a wuya, masu shagunan layin suka fara saukar da ƙofofinsu.

Nas ce ta turo ƙofar falo da kafaɗa, Gwaggo da Mai Aski a bayanta. Tsummokin suka yi gefe. Iskar da ta shigo ta tunkuɗe katifar, wadda Tela ta riga ta sassauta, ta kifo a kan Malam Na-Sani da tsintsiyarsa. Ƙofar lungu ta buɗe. Sai ihun mutum dubu sittin ya shigo mana ta hanya biyu, ta lungu da ta matakala, ya cika falon har haƙorana na gaskiya suka kaɗa.

Daga ƙarƙashin katifa muka ji murya: "Kun ji! Ya kewayo! Ba na gaya muku ba?"

Nas ta yi ihu, "Kashe!"

"Na sani!"

Ya rarrafo da rimot ya danna. Waƙar ta koma farko. Ya sake dannawa, fitilun na'urar suka koma ja. Ya buga rimot ɗin a tafin hannu, murfin ya fita, batura biyu suka gangara ƙarƙashin kujera. Ya bi su da rarrafe. Gwaggo, ɗaure da zane, kumfa a kunne ɗaya, ta sami gadon bayansa a buɗe, ta yi amfani da sosonta mai dogon hannu sau uku kafin Mai Aski ya riƙe ta.

Ƙarfe biyar da minti biyu Tela ta tsallake mijinta ta zare fulogi daga bango.

Shirun da ya biyo baya ya fi ihun nauyi. A cikinsa ne muka ji wata murya a dishe, tana fitowa daga lungu, tana kuma fitowa daga kowane banɗaki na gidan, har mutanen da suka taru a titi suka ji ta ta shagon aski:

"Ku buɗe ni! Don girman Allah ku buɗe ni!"

Makullin ya ƙi. Aka kira Mai Famfo daga sashe na ɗaya, ya zo da sukundireba ya cire ƙofar daga maratayarta. Ya shaida mini cewa ya tarar da Mai Gida zaune a gefen baho, ya naɗe kansa da tawul har kunnuwa, kafaɗunsa jiƙe da ruwan sabulu, ƙafa ɗaya a cikin fasasshen bokitin da ya taka don ya kai kantar, lasifika ɗaya a cinyarsa da wayarta a tsinke. Ɗayar ta fi ƙarfin tsawonsa. Ya shiga ƙarfe huɗu da arba'in da biyu, ya fito biyar da minti tara. Minti ashirin da bakwai ke nan, goma sha bakwai daga ciki a gaban jama'a.

Ya fito lungu, duk gidan a tsaye. Nas ta kama hannunsa ta ɗaura masa abin awon jini, ta dubi lambar, ta ce gara kada ta faɗa. Ya miƙa wa Malam Na-Sani lasifikar cikin ledarta.

"Mene ne wannan yake yi a banɗakina?"

"Ranka ya daɗe, wurinta ke nan. Mai shago ne ya faɗa. Ilimin abin ne haka."

"Kira shi."

Aka kira, aka buɗe muryar wayar kowa ya ji. Mai shagon ya saurari bayani, sa'an nan ya ce, "Banɗaki? Bayan ɗaki na ce maka, Malam. Bayan ɗakin kallon, bayan kujeru, daidai kunnen masu zama. Ina cikin faɗa ka ce ka sani ka kashe." Sai muka ji yana kiran wasu a shagon su zo su ji. Tela ta kashe wayar.

Malam Na-Sani bai sunkuyar da kai ba. Ya juyo gare ni. "Sakatare, kai mai ilimi ne. Banɗaki da bayan ɗaki ba kalma ɗaya ba ce?"

Gaskiya ta tilasta mini in ce asalinsu ɗaya ne, ɗayar ta gajarce a bakin mutane. Na ƙara da cewa duk da haka ban taɓa jin wanda aka ce ya zauna a bayan aji ya fita ya zauna a kwata ba.

Mai Aski ya ce, "Da ya ce maka ka sa su a bayan gida fa?"

Mutumin nan mai rabin aski, wanda ya biyo Mai Aski sama, ya ce, "Ai nan ɗin dai zai kai su."

Mai Gida ya ɗaga sanda. "Ƙarshen wata. Ku kwashe. Da katifar, da Giwar, da tsintsiyar."

Tela ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri yadda ya kamata, ta miƙe, ta ce tana roƙon Sakatare ya karanta abin da ke shafin gyare-gyare game da sashe na huɗu, don dai a rufe littafi da tsabta. Aikina ne, na karanta. Tara ga watan biyu, Tela ta kawo ƙarar makullin banɗaki, Mai Gida ya ce zai turo kafinta. Ashirin ga watan biyar, ta sake, ya ce makullin lafiyarsa lau, hannunta ne. Uku ga watan takwas, ta makale a ciki minti arba'in, ya ce ta dinga shiga da haƙuri. Sha ɗaya ga watan da ya wuce, ya ce gidansa ne, ya san makullansa.

Ta ce, "Baba, da makullin ya buɗe, da minti ɗaya ka yi ka fito ka mare shi, da mun gode. Minti ɗaya nasa ne. Sauran ashirin da shida fa, na wane ne?"

Gwaggo ta ce nata ma haka yake yi. Mai Famfo ya ce duk makullan gidan rana ɗaya aka saye su. Nas ta ce in da Gwaggo ce ta makale ita kaɗai a hawa na uku da rana tsaka, wa zai ji? Ta tambaye ni ko doka ta bakwai tana aiki a kan masu haya ne kaɗai. Na ce zan duba. Mai Gida ya ce babu buƙatar dubawa.

Ya zauna a kujerar tsakiya, inda sauti ke haɗuwa, tawul har yanzu a wuyansa. Ya daɗe yana duban Malam Na-Sani. Sa'an nan ya ce in rubuta. Za a sabunta hayar sashe na huɗu, amma da sunan Tela. Ita ce mai haya, ita ke da kujera a taro, ita ke da ƙuri'a. Na'ura ta zauna, lasifika biyu su fito daga banɗaki. Tela ta ɗiga jan farce a kan lamba goma sha biyar, kuma maɓallin kada ya wuce nan. Rimot ya zauna a aljihun kekenta. Za a sauya makullai shida ranar Litinin, kuma abin da ya faru a banɗaki kada a sake tambayarsa.

Malam Na-Sani ya ce, "To ni fa, ranka ya daɗe? A matsayin me za a rubuta ni?"

"Ka sani ai," in ji Mai Gida.

An sauya makullan, amma sai ranar Laraba. Ina jin kiɗan wani lokaci in na je karɓar ɗinki, ƙasa-ƙasa, ƙarar keke tana rufe shi, mutum dubu sittin suna ihu kamar sauro a bayan kujera. Malam Na-Sani yana gaya wa abokan aikinsa a shagon taya cewa a duk gidan Mai Gida ne kaɗai ya ji sautin yadda masu shi suka nufa, domin shi ya sami kujerar da ta fi kowace, kuma bai ko gode ba.

Waɗanda suka halarta, kamar yadda suka sa hannu a littafi, su ne: Mai Gida, Nas, sashe na uku, Gwaggo, sashe na shida, da ɗan yatsa, Mai Famfo, sashe na ɗaya, Mai Aski, baƙo ɗaya mai rabin aski, wanda ya ƙi faɗin sunansa, ni Sakatare, Tela, mai haya a sashe na huɗu, da mijinta.